Wa Ke Riƙe da Kwalbar Magani?

A shekarar 1965 wasu masana uku a asibitocin Bethlem da Maudsley na birnin Landan, Willcox da Gillan da Hare, suka daina tambayar majinyatansu ko suna shan magani, suka koma auna fitsarinsu. Magungunan taɓin hankali na wancan zamani suna barin alama a fitsari, ɗan sinadari kaɗan ya isa ya tona asiri. Abin da ya fito bai yi wa sana'ar likitanci daɗi ba: kusan rabin masu zuwa ganin likita daga gida ba sa shan abin da aka rubuta musu. Bayan shekara biyu aka faɗaɗa gwajin, aka tarar kashi 19 cikin ɗari ne na waɗanda ke kwance a asibiti ba sa sha, a cikin masu wuni a asibiti su kwana a gida kuwa kashi 37. Asibiti ɗaya, magunguna iri ɗaya, abin da ya bambanta shi ne nisan majinyaci da hannun da ke miƙa masa ƙwaya da kofin ruwa. An daɗe ana karanta irin waɗannan alƙaluma a matsayin shaidar taurin kai, har sana'ar ta ƙago wa mai barin magani laƙabin da ma'anarsa ita ce marar biyayya. A ganina tarihin wannan al'ada ta ba da magani wani abu daban yake nunawa. Likitanci ya samo ƙwayar da ke kwantar da hauka, ya buɗe ƙofar asibiti, sannan ya ɗora nauyin tunawa da shan ƙwayar a kan ƙwaƙwalwar da ciwon ya riga ya raunana, ya dawo yana mamakin yadda kayan suka zube.

Magabatan sana'ar sun san wannan rauni tun kafin a samu magani. Emil Kraepelin, Bajamushen da ya rarrabe manyan cututtukan hauka gida biyu a bugun littafinsa na 1899, ya raɗa wa ɗaya sunan da ke nufin lalacewar basira tun da ƙuruciya. Jin muryoyi da zargin ana bin mutum da sharri ba su ne suka fi jan hankalinsa ba. Abin da ya zuba wa ido shi ne yadda saurayi mai hazaƙa yake rasa natsuwa, ya kasa auna al'amura, himmarsa ta mutu, ya fara aiki ya bar shi a rabi. Eugen Bleuler na asibitin Burghölzli a Zurik, wanda ya sauya wa ciwon suna zuwa sikizofireniya a 1908 ya kuma fitar da babban littafinsa a 1911, shi ma ya ɗauki tsinkewar zaren tunani a matsayin tushe, muryoyi da ruɗu kuwa rassa. Sai dai a zamaninsu wannan sani ba shi da wani tasiri a kan jinya, domin gidan mahaukata ba ya neman komai daga tunanin wanda aka tsare. Ƙararrawa ce ke tashe shi, ita ke kiransa ga abinci, idan kuma akwai ruwan maganin barci da za a ba shi da dare, ma'aikaci ne ke ɗura masa. Wurin kurkuku ne, ba a musu, amma kurkukun da ya ɗauke wa mazauninsa aikin tuna komai.

Sauyin ya zo daga Faransa. A watan Disamba na 1950 Paul Charpentier, masanin haɗa sinadarai a kamfanin Rhône-Poulenc, ya haɗa kulofuromazin. Likitan tiyata Henri Laborit ya lura cewa waɗanda aka ba kafin aiki sukan natsu ba tare da sun suma ba, ya matsa wa abokan aikinsa su gwada shi a kan masu taɓin hankali. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker na asibitin Sainte-Anne a birnin Faris suka wallafa abin da suka gani: mutanen da aka ɗaure shekara da shekaru sun daina ihu, sun zauna, ana magana da su suna amsawa. Aka sa shi kasuwa da sunan Largactil, sunan da har yau ake ji a asibitocin Najeriya, a Amurka kuma Thorazine daga 1954. Halofaridol ya biyo baya daga kamfanin Paul Janssen na Beljiyam a 1958. Duk wanda ya ga ɗakin da jiya ba a jin maganar juna yau ana jin faɗuwar cokali, ba za a zarge shi ba idan ya ɗauka an gama da ciwon. Hayaniya ce ke damun ma'aikata da dangi, hayaniyar kuma ta lafa. Natsuwa da himma da iya tsara al'amura, abubuwan da Kraepelin ya damu da su, ba sa ƙara, don haka ba wanda ya ji rashin dawowarsu. Sana'ar ta koma auna nasara da mudun muryoyi da ruɗu, ta kwashe kusan shekara arba'in a haka.

Daga nan aka fara sallama. A 1955 asibitocin hauka na gwamnatocin jihohin Amurka suna ɗauke da mutum kusan dubu 559, zuwa 1980 ba su kai dubu 150 ba. A Ingila ministan lafiya Enoch Powell ya shelanta a 1961 cewa za a rage gadajen irin waɗannan asibitoci da rabi, Shugaba Kennedy na Amurka ya sa hannu a dokar kafa cibiyoyin kula da masu taɓin hankali a cikin gari a 1963, Italiya kuma ta hana kwantar da sababbin majinyata a gidajen mahaukata da dokarta ta 1978. Ba ƙwaya kaɗai ta jawo haka ba. Akwai lissafin kuɗi, akwai tonon sililin da 'yan jarida suka yi wa waɗannan gidaje, akwai shari'o'in neman 'yanci. Amma ƙwaya ce ta sa abin ya yi kama da mai yiwuwa. Mutumin da ya shekara goma ana tsayar da shi a layi ana duba ƙarƙashin harshensa, sai ga shi a bakin ƙofa da takardar likita da ranar dawowa bayan wata guda.

A tsaya a dubi abin da wannan takarda take nema daga gare shi. Sai ya saurari bayanin likita a ɗaki mai cunkoso ya riƙe shi a ka har gida. Sai ya bambanta farar ƙwaya ta safe da ta dare, ya san wadda ake sha sau uku da wadda ake rabawa biyu. Idan lokaci ya yi, sai tunanin shan maganin ya faɗo masa da kansa, ba tare da kowa ya ce uffan ba, yana tsakiyar wani abu. Bayan awa biyu sai ya iya tuna ko ya sha ko niyya kawai ya yi, domin kuskure a nan yana nufin ko dai a tsallake ko a ninka. Sai ya hango ƙarewar magani tun saura kwana biyar, ya tanadi kuɗinsa da kuɗin mota, ya kiyaye ranar ganin likita. Kuma zai yi wannan kullum, shekara da shekaru, domin kauce wa ciwon da a yau ba ya jin alamarsa. Masu lafiyar ƙwaƙwalwa ma suna faɗuwa wannan jarrabawa: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003 ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu arziki rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka ce. Idan mai hawan jini da hankalinsa cif yana mantawa, ina ga wanda ciwonsa ya sauka a daidai wurin da ake tunawa?

Amsar farko da sana'ar ta kawo allura ce. A 1966 kamfanin Squibb ya fitar da wani nau'in fulufenazin da aka narkar cikin mai, a yi wa mutum a ɗuwawu ya riƙa shiga jini a hankali har mako biyu, bayan ɗan lokaci aka samu wanda ya fi daɗewa, wato Modecate. A 1973 Steven Hirsch da abokan aikinsa a Landan suka raba majinyatan da ke kan allurar gida biyu, aka ci gaba da yi wa wasu ta gaskiya, wasu aka sauya musu da wadda ba magani a cikinta. Cikin wata tara ciwon ya tashi wa kashi 66 na rukunin da aka yanke wa, kashi 8 kacal na ɗaya rukunin. Ana yawan bayyana allurar wata-wata a matsayin dabarar kama marar jin magana. Na fi ganinta a matsayin amsa laifi a fakaice. Ta rage yawan tunawa daga sau casa'in a wata zuwa sau ɗaya, mafi muhimmanci kuma ta mayar da littafin lissafi hannun nas. Wanda ya bar ƙwaya ba a sani sai ranar da aka kawo shi a ɗaure. Wanda bai zo allura ba, a ranar ake ganin gurbinsa a rajista, a aika a nemo shi.

Shekara goma sha biyu kafin wannan allura, an riga an kawo wata amsar a Abeokuta, kuma ita ta fi cancantar a daɗe a kanta. Abin da Turawan mulki suka bar wa Najeriya a wannan fanni tsarewa ne: gidan mahaukata na Kalaba, na Yaba da aka buɗe a 1907, dokar hauka ta 1916, da ɗakunan da aka ware a gidajen yari, ciki har da na Arewa. A gida kuwa an san turu da mari. Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abeokuta a 1923, ya yi karatun likita a Birmingham ya ƙware a Maudsley, ya dawo a 1954 ya tarar ginin asibitin Aro bai kammala ba. Bai jira magina ba. Ya zauna da dattawan ƙauyukan da ke kewaye, aka shirya su riƙa ba majinyata hayar ɗaki, aka taimaka musu da rancen ƙara ɗakuna da ruwan sha. Sharaɗin da ya gindaya shi ne wanda ya shafi zancenmu: ba a karɓar majinyaci sai tare da ɗan uwa, galibi uwa ko 'yar uwa ko goggo, wadda za ta zauna da shi, ta dafa masa, ta raka shi asibiti da safe a yi masa magani, su koma ƙauye da yamma, da dare kuma akwai nas a kusa idan wani abu ya taso. Lambo bai yi wannan da sunan gyara mantuwa ba. Hujjojinsa na al'ada ne da na kuɗi, da kuma ganin cewa raba Bayarabe da danginsa ƙarin ciwo ne. Amma tsarin ya toshe ramin da Landan ta gano a fitsari bayan shekara goma sha ɗaya. Majinyaci yana cikin gari, yana zuwa kasuwa, ba a kulle shi ba, amma kwalbar magani tana hannun mai jinyarsa. Ita ma mai jinyar tana makaranta ba ta sani ba: ta ga yadda ake ba da magani, ta koyi alamun da ke zuwa kafin ciwo ya tashi, rashin barci da yawan magana da ƙin abinci, ta koma garinsu da wannan sani. Lambo ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988, sunan Aro ya zaga duniya, amma asibitocin da aka gina daga baya, har da na tarayya a Barnawa da Kware da Maiduguri, tsarin gado da katin ganin likita suka bi.

Sai a ƙarshen ƙarni na ashirin ne kimiyya ta koma kan raunin basirar da aka ajiye. A 1976 Eve Johnstone da abokan aikinta a asibitin Northwick Park suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu daɗaɗɗen ciwon da sabuwar na'urar hoto, suka ga kogunan ruwan da ke tsakiyarta sun fi na masu lafiya faɗi, faɗin kuma yana tafiya da raunin basira. A 1996 Michael Green na Jami'ar Kalifoniya ya tattara binciken da ke ƙasa ya nuna cewa abin da ya fi nuna ko majinyaci zai iya riƙe aiki da zaman gari shi ne ƙarfin riƙe magana da natsuwarsa, fiye da yawan muryoyin da yake ji. Bayan shekara biyu Heinrichs da Zakzanis na Kanada suka haɗa sakamakon bincike 204, raunin ya bayyana a kusan kowane fanni da aka auna, mafi girmansa a tuna abin da aka faɗa wa mutum. Wato daidai abin da likita ke dogaro da shi idan ya yi bayani na minti biyar ya ce a kira na gaba. Akwai kuma wani rauni da ya fi wuyar fahimta ga dangi. Xavier Amador ya ruwaito a 1994 cewa fiye da rabin masu sikizofireniya da suka auna ba su da cikakkiyar masaniyar cewa ba su da lafiya, ya kwatanta abin da halin wasu masu shanyewar ɓarin jiki da ke rantsuwa hannunsu lafiya lau, halin da Babinski ya raɗa wa suna tun 1914. Wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta kawo masa labarin ciwonsa, in an ce ya sha magani, tamkar an ce wa mai lafiya ya ɗaure karaya ne.

Za a ce, kuma da gaskiya, ba kowane mai barin magani ne ya manta ba. Wasu da gangan suka bari, da dalilinsu. Theodore Van Putten ya nuna haka tun 1974, lokacin da ya bi diddigin masu ƙin magani ya tarar da yawansu suna fama da wata illa da ba a cika lura da ita ba, wato ƙaiƙayin ciki da ke hana mutum zama wuri ɗaya, ga sandarewar jiki da rawar hannu da dalalar miyau. Sababbin magungunan da suka shigo daga shekarun 1990 sun rage wannan suka kawo ƙiba da ciwon sukari. A babban gwajin CATIE na Amurka, wanda aka wallafa a 2005 da majinyata kusan 1,500, kashi 74 sun bar maganin da aka fara ba su kafin wata 18, tsoho da sabo. Wani nazari da Lacro da abokansa suka yi a 2002 ma bai sami raunin basira cikin abubuwan da kullum ke hasashen barin magani ba. Abin da ya fi fitowa shi ne rashin yarda da ciwo, mummunan zato ga magani, shaye-shaye, rashin shiri lokacin sallama da rashin jituwa da likita. A ƙasa irin tamu sai a ƙara da tsadar magani da nisan asibiti da gudun a ce gidan wane akwai mahaukaci. Wannan suka ta rage wa hujjata faɗi, na yarda. Sai dai a lura da abu biyu. Yawancin tsofaffin binciken da bakin majinyaci suka dogara, tambayar mai mantuwa sau nawa ya manta kuwa awo ne da mudu mai huji. Na biyu, ko illar magani ma ba ta rabuwa da batun tunani. Mai hawan jini da ƙwaya ta dame shi yakan koma ya ce a sauya masa. Wannan yana buƙatar ya haɗa illar da maganin, ya riƙe ƙorafin har ranar ganin likita, ya tsara maganarsa. Wanda ya kasa haka hanya ɗaya ta rage masa, ya tura kwalbar ƙarƙashin katifa.

Suka ta biyu ta fi nauyi: shin ba maganin ne da kansa ke dakushe ƙwaƙwalwar ba? Akwai ƙamshin gaskiya mai ƙarfi a nan, kuma sana'ar ta daɗe tana kawar da kai. A shekarun 1970 da 1980 an yi yayin ba da magani mai yawan gaske, wanda ke mayar da mutum kamar gunki. Ƙwayar da ake haɗawa domin rage sandarewar jiki, Artane, wadda 'yan shaye-shaye a Arewa suka sani da sunan Exol, tana toshe sinadarin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen riƙe sabon abu, bincike kuma ya sha nuna cewa gwargwadon yawan irin waɗannan magunguna gwargwadon raunin tunawa. Ga abin takaici: a ba mutum abin da ke ƙara masa mantuwa, a tsawata masa don ya manta. Ko a ɗaya babban ciwon na Kraepelin, mai hawa da sauka tsakanin zumuɗi da baƙin ciki, haka abin yake. Litiyam, wanda John Cade na Ostareliya ya gano amfaninsa a 1949, yana ceton rai, amma Kay Jamison, farfesar da ita kanta take fama da ciwon, ta bayyana a littafinta na 1995 yadda ya hana ta karatu da fahimta tsawon shekaru har sai da aka rage mata adadin. Duk da haka raunin ya girmi maganin. Kraepelin ya gan shi rabin ƙarni kafin Largactil. An auna shi a jikin waɗanda ciwon ya fara kamawa ba su taɓa shan ƙwaya ba. Binciken da ya bi yaran da aka haifa a Birtaniya a 1946, da na garin Dunedin a New Zealand, sun nuna cewa waɗanda ciwon ya kama da girma, a jimlace sun ɗan ja baya a gwajin basira tun suna makarantar firamare. Magani bai haifi raunin ba kuma bai warkar da shi ba. A gwajin CATIE ɗan ci gaban da aka gani a tunani ƙanƙani ne, sababbin magunguna masu tsada ba su fi tsoho ba.

To in haka ne, me ya sa za a damu da shan sa? Saboda farashin tashin ciwo. Stefan Leucht ya haɗa gwaje-gwaje 65 a 2012, ya samu cewa cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 27 na masu shan magani da kashi 64 na masu shan ƙwayar bogi. Kowace dawowa tana cin aiki ko aure ko zangon karatu, wani lokaci rai, basira kuma ba ta ginuwa a gadon asibiti. Gaskiya ne wani binciken Holan da Wunderink ya fitar a 2013 ya samu waɗanda aka rage wa magani da wuri sun fi farfaɗowa bayan shekara bakwai, abin da ya girgiza mutane da yawa. Amma gwajin RADAR na Ingila a 2023, wanda Joanna Moncrieff, sananniyar mai sukar magungunan, ta jagoranta, bai sami wata riba a zamantakewa ba bayan shekara biyu na ragewa a hankali, mummunan tashin ciwo kuwa ya kusa ninkawa. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne mafi ƙarancin adadin da ke aiki, mafi ƙarancin yawan ƙwayoyi, sau ɗaya a rana in zai yiwu, a janye Artane idan ba a buƙatarsa. Wannan kuma aiki ne na likita da ke sauraro, ba na majinyacin da ke yanke wa kansa hukunci shi kaɗai da tsakar dare ba.

Suka ta uku ta 'yanci ce, kuma mai karatu a Najeriya yana da dalilin jin ta. Wanda ya ga hotunan mutanen da aka fito da su da sarƙa a ƙafa daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ya san inda kalmar "kulawa" take iya kaiwa. Riƙe wa mutum kwalba yana iya zama riƙe masa wuya, an kuma san gidajen da ake zuba ƙwaya a kunu a ɓoye. Aro ma ba aljanna ba ce: nauyin ya sauka a kan mata, uwa ta bar gonarta da sauran 'ya'yanta wata da watanni ba lada ba la'ada. Amma bambancin tilas da tallafi a bayyane yake a aikace. Dawn Velligan a San Antoniyo ta Amurka ta tura ma'aikata gidajen majinyata da kayan da ba su taka kara sun karya ba: akwatin ƙwaya mai gurbin kowace rana, agogo mai ƙara, takarda a manne inda ido zai faɗa. Da aka riƙa zuwa ba sanarwa ana ƙirga ƙwayoyin, sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna shan magani ya ƙaru sosai. Ba wanda aka tilasta wa. Da taurin kai ne matsalar, agogo ba zai gyara shi ba. A Feshawar ta Fakistan Saeed Farooq ya ari tsarin da ake maganin tarin fuka da shi, inda wani ke tsayawa ya ga an haɗiye, ya horar da ɗan uwa guda a kowane gida, aka kuma ba da maganin kyauta. A cikin majinyata 110, kashi 67 na wannan rukuni sun sha magani cikakke tsawon shekara, a rukunin da aka bari yadda aka saba kuwa kashi 45. Aro ce aka sake ginawa, a 2011, ba tare da ƙauye ba. A 2020 kuma Oye Gureje ya nuna a Ibadan da Kumasi cewa idan ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa kai magani da shawara har gidajen masu maganin gargajiya da na addu'a, majinyata suna samun sauƙi fiye da waɗanda aka bari ba wannan haɗin gwiwa, hanyar da Lambo a Aro da Tijjani al-Mahi a Sudan suka fara bi tun shekarun 1950.

Finlan ƙasa ce mai arziki da tsari, amma da Jari Tiihonen ya bi rajistar mutum 2,588 da aka kwantar karon farko saboda sikizofireniya, ya tarar ba su kai rabi ba waɗanda suka ci gaba da maganinsu fiye da kwana talatin bayan sallama. Najeriya kuwa likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar hauka ta 1958 sai a farkon 2023 aka sanar da sa mata hannu. Da wannan ƙarancin ba za mu iya bin kowane majinyaci gida da nas ba. Abin da muke da shi, wanda Finlan ba ta da shi da yawa, shi ne kusan ba wanda ke zuwa asibitin ƙwaƙwalwa shi kaɗai. Akwai uwa ko wa ko mata a kan benci a waje. Likitan da zai sallami majinyaci ya kira wannan mutum ciki, da yardar majinyacin, ya yi bayanin a gabansu su biyu, a ɗaura lokacin shan magani da abin da gidan ba ya mantawa, kamar sallar isha'i ko tuwon dare, a yi maganar azumi tun Sha'aban. Kafin a rubuta a kati cewa wane ya ƙi shan magani, a fara tambayar wa ke riƙe da kwalbar a gidansu.